Makarantar Magidanta ta Unguwarmu: Abin da Na Tarar Cikin Mako Goma Sha Biyu

Mai unguwarmu ne ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, ya ce wata ƙungiya mai zaman kanta za ta buɗe aji na magidanta zalla a firamaren unguwa, domin a tattauna yadda maza za su sa hannu wajen hana fyaɗe da dukan mata da sauran nau'o'in cin zarafi, kuma ya riga ya ba da sunana. Na ce masa “To, ranka ya daɗe,” saboda ba a yi wa babba musu a bainar jama'a, amma na koma gida da shakka a zuciyata. Na sha ganin tarukan wayar da kai a nan Zariya waɗanda ake yi wuni guda, a raba riguna da huluna, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa, kuma na ɗauka wannan ma haka zai kasance. Yanzu da na kammala makonni 12 na karatun, ina ganin ya wajaba in rubuta abin da na tarar, mai daɗi da marar daɗi, domin duk magidancin da aka gayyata irin wannan aji ya san abin da zai samu kafin ya ba da lokacinsa.

Tsarin karatun ba shi da wuya. Ana haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar, a tashi gab da magariba, kuma ba a biyan ko kwabo. Mu 24 muka fara, mu 17 muka kai ƙarshe. A cikinmu akwai tela da direban adaidaita sahu da malaman makaranta biyu da mai shayi da shugaban 'yan sintirin unguwa da na'ibin limami, sai dattawa uku da ke zama a benci na gaba. Masu jagorantar ajin maza biyu ne, babbansu tsohon malamin sakandare ne wanda kowa ke kira Malam, mutum mai sanyin murya da ba ya katse mai magana ko da maganar ta saɓa wa ra'ayinsa. A wasu makonnin ana kawo baƙi: ma'aikaciyar jinya, da lauya mace, da wani limamin Juma'a daga cikin gari.

A zaman farko Malam ya gaya mana cewa dabarar ba tasu ba ce, daga Jamhuriyar Nijar aka aro ta. A jihar Damagaram ne Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, tare da hukumomin lafiya na ƙasar, suka fara makarantun mazaje a wajajen 2008, bayan wani bincike ya nuna cewa babban abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a asibiti shi ne rashin amincewar mazansu. A can ana zaɓen magidanta da ba su wuce 12 ba a kowace makaranta, masu aure, waɗanda suka kai shekara 25, waɗanda matansu ke zuwa asibiti kuma jama'a ta shaide su da kyawun hali, su riƙa haɗuwa sau biyu a wata suna duba matsalolin garinsu da kansu. Tamu ta ɗauki wannan siffar ta karkata da ita zuwa ga cin zarafi. Na ji daɗin sanin cewa asalin abin a ƙasar Hausa ya tsiro, domin zargin farko da ake yi wa duk wani aiki irin wannan shi ne kayan Turawa ne, kuma wannan bayanin ya kashe bakin mutum biyu ko uku tun kafin su fara.

Makonni biyu na farko sun fi sauran rauni, don an cika su da ma'anoni da alƙaluma. Duk da haka wasu alƙaluman sun zauna mini. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wani cin zarafi na jiki tun daga shekara 15, kashi 9 cikin ɗari kuma sun taɓa fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata, sannan fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako a wurin kowa ba. Wani binciken na ƙasa da aka yi a 2014 kan yara ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma suna fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Da aka ambaci yara maza sai ajin ya yi tsit, don da yawanmu mun shigo ne da tunanin cewa maganar ta 'ya'ya mata ce kaɗai. Wani dattijo ya ce shi bai yarda da lissafin da aka yi a Abuja ba. Malam bai yi jayayya da shi ba, sai ya ce, “Baba, mu bar na Abuja. A cikin shekara biyar da suka wuce, maganganu nawa irin wannan aka kashe a zaure a unguwar nan ba tare da sun fita waje ba?” Dattijon ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai ce komai ba.

Daga mako na uku ne karatun ya fara biyan kuɗin sabulu. Ma'aikaciyar jinyar da aka kawo ta yi mana bayanin abin da ya kamata a yi a sa'o'in farko bayan an yi wa wata ko wani fyaɗe, kuma wannan darasi kaɗai ya isa dalilin halartar ajin. Ta ce akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, amma dole a fara shansa cikin awa 72, kuma ana shansa kwana 28 ba tare da fashi ba. Akwai na hana shigar ciki, wanda ke aiki har zuwa kwana biyar, ko da yake gaggawa ta fi. Akwai allurar ciwon hanta da ta tsinkau-tsinkau da magungunan cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Ta ce abin da iyaye suka fi yi cikin ruɗewa shi ne su dafa ruwan zafi su yi wa yarinya wanka, su wanke tufafinta ko su ƙona su, alhali a jikin nan da tufafin nan shaidar take. A bar ta yadda take, a naɗe tufafin a takarda mai tsabta domin leda tana riƙe gumi ta lalata shaida, a nufi asibiti. Ta ƙara da cewa ba sharaɗi ba ne sai an fara zuwa ofishin 'yan sanda kafin a duba lafiyarta. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama da aka keɓe domin wannan aiki, ɗaya a nan asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ɗaya a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wadan Kaduna, ɗaya a Kakuri, ɗaya a Kafanchan, kuma ana duba mutum da ba shi magani da shawara kyauta. Da ta tambaya ko su wa suka san da wannan cibiya a cikinmu, hannu uku ne kawai suka tashi, alhali direban adaidaitan da ke zaune kusa da ni ya ce kusan kullum sai ya sauke fasinja a ƙofar asibitin.

Ta kuma yi mana wata magana da ban manta ba. Ta ce a mafi yawan gidaje uwa ce ke fara gano abin da ya faru, amma uba ne ke da iznin fita da kuɗin mota, saboda haka awa 72 ɗin nan sau da yawa a hannun namiji suke ƙarewa, yana shawara da yayyensa da ƙannensa a kan abin da mutane za su ce. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai gaskiya a ciki ta fuskar tausayi, sai dai a wannan lamarin mabuɗin ƙofar a aljihun namiji yake.

Darasin da nake ganin shi ne ƙashin bayan makarantar gaba ɗaya ya zo a mako na biyar da na shida. Malam ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni wani labari da za su kwaikwaya a gaban aji. Namu ya kasance haka: yarinya 'yar shekara tara ta dawo daga tallar gyaɗa a makare, uwarta ta gano an yi mata fyaɗe, kuma wanda yarinyar ta ambata ɗan wan mai gidan ne, saurayin da ke kwana a shagon ƙofar gida. Ni aka ba matsayin maƙwabcin da uban ya zo wurinsa neman shawara. Tela ya zama wan uban, kuma ya taka rawarsa kamar gaske, har ya riƙe mini hannu yana cewa, “Haba Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron nan ɗanmu ne, yarinyar nan 'yarmu ce. Idan maganar ta fita wa zai aure ta? Mu rufa wa juna asiri, Allah ya rufa mana.” Na tsaya ina dubansa, na rasa amsar da zan ba shi, kuma ba a cikin wasa kawai na rasa ta ba, domin na san na taɓa jin waɗannan kalmomi a zaure na gaske, na kuma yi shiru a ranar.

Malam bai yi mana huɗuba a kan haka ba. Ya sa muka sake kwaikwayon har sau uku, kowane karo ajin na ba da shawarar abin da maƙwabcin zai faɗa, har muka kai ga amsar da mutum zai iya furtawa a gaban surukinsa ko yayansa ba tare da zagi ko ɗaga murya ba. Amsar ita ce a fara da lafiyar yarinya, don babu mai iya musun a kai ta asibiti yau ɗin nan; sannan a bambance asirin yarinya da asirin mai laifi, domin na farkon wajibi ne a rufe shi, kada sunanta ya shiga bakin 'yan unguwa ko shafukan Facebook, na biyun kuwa rufe shi yana nufin an bar saurayin a shagonsa tare da sauran 'yan tallar da ke wucewa ta ƙofarsa gobe. A nan na gane dalilin da ya sa wannan makaranta ta bambanta da tarukan da na saba gani. Kowane namiji yana la'antar fyaɗe idan baƙo ne ya aikata, har ma za ka ji ana cewa a kashe shi. Wurin da muke faɗuwa shi ne inda mai laifin ya kasance namu, ɗan'uwa ko aboki ko mai gidan da muke ci a ƙarƙashinsa ko malamin da muke jin nauyi, kuma daidai wannan wurin ne aka horar da mu mu tsaya. Idan da za a rage makonnin su koma biyu, waɗannan biyun zan ce a bari.

Limamin da aka gayyato ya zo a mako na bakwai, ya tarar da aji a shirye da tambayoyi, kuma ya yi abin da ya dace. Ya karanto aya ta 135 ta Suratun Nisa'i, inda Allah ya umarci muminai su tsaya da adalci, su ba da shaida domin Allah ko da a kan kansu ne ko iyayensu ko makusantansu, ya ce wanda ya karanta wannan aya ba shi da hujjar kashe maganar zalunci don mai zaluncin ɗan gidansu ne. Ya kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yadda za a taimaki azzalumi ya ce a hana shi zaluncin. Kamar yadda aka zata, wani ya tayar da aya ta 34 ta wannan sura yana neman a tabbatar masa cewa miji na da izinin dukan matarsa. Liman bai kauce wa tambayar ba. Ya bi bayanin malamai daki-daki, ya nuna irin iyakokin da suka gindaya, sannan ya tambayi mai tambayar ko mari da naushi da bulala da ake gani a gidajenmu sun yi kama da wani abu a cikin wannan bayanin. Ya rufe da ruwayar Nana A'isha cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba, da hadisin da ke cewa mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Na yaba wa masu shirya karatun da suka kawo malamin da jama'a ke bin sa salla, domin wannan amsa a bakin ma'aikacin ƙungiya ba za ta yi nauyin da ta yi ba.

Darasin doka ya ilmantar, ko da yake an cusa abu mai yawa a zama ɗaya. Lauyar ta yi bayanin dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya da aka sa wa hannu a watan Mayun 2015, wadda ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da wanda aka yi wa namiji, ta kuma mai da dukan abokin zaman aure da korarsa daga gida da ƙarfi da kaciyar mata laifuka masu hukunci, sannan ta ba kotu damar ba da umarnin kariya da zai hana mai barazana kusantar wanda yake yi wa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2018, kuma a watan Satumban 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Wannan ya biyo bayan hayaniyar da aka yi a ƙasa a shekarar, lokacin kullen korona, sa'ad da Sufeto Janar na 'yan sanda ya bayyana cewa an kai rahoton fyaɗe 717 tsakanin Janairu da Mayu, gwamnoni kuma suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin a watan Yuni. Ta kuma nuna mana sashe na 55 na tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya bar wa miji kafar yi wa matarsa abin da ya kira gyara muddin bai yi mata mummunan rauni ba, domin mu ga cewa tunanin da muke ƙoƙarin canzawa ya daɗe har ya samu wurin zama a rubutacciyar doka. Abin da ya fi tsaya mini a maganarta shi ne cewa tsananin hukunci ba ya amfani idan babu mai ba da shaida, har ma yakan sa dangi su ƙara matsa wa iyaye su janye ƙara don kada a kashe ɗansu. Shari'o'i da yawa suna mutuwa ne a ranar da maƙwabcin da ya ga shigar yarinya kango ya ce shi bai ga komai ba.

Ana cikin makonnin ne abin ya zo mana har gida. Wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya, mai shayin da muke aji ɗaya ya bugo mini waya cewa ana jin kukan mace a wani gida a layinmu, kuma ba yau aka fara ba. A da abin da za mu ce shi ne tsakanin miji da mata sai Allah, kowa ya ja bargonsa. A daren nan mu uku muka fita, har da shugaban 'yan sintiri, kuma muka bi abin da aka koya mana: kada mutum ya tafi shi kaɗai, kada a tafi da sanda, kada a tara jama'a. Muka tsaya a ƙofar zaure muka yi sallama da ƙarfi har sau uku, muka kira mai gidan da sunan babban ɗansa. Kukan ya tsaya. Ya fito yana huci, singileti a jikinsa, tocila a hannu, yana tambayar ko lafiya. Shugaban sintiri ya ce, “Lafiya lau, Yaya. Mun ji hayaniya ne, kuma ba za mu iya kwanciya muna jin ta ba. Zo mu zauna a dakali.” Muka riƙe shi da magana kusan awa guda, yayin da matata da wata dattijuwa maƙwabciya suka shiga wurin matar. Washegari aka kai ta asibiti domin idonta ya kumbura, aka sanar da waliyyinta da mai unguwa, kuma aka tambaye ta abin da take so a yi kafin a ɗauki kowane mataki, wanda shi ma darasi ne da aka nanata mana: mai taimako ba ya yanke wa babbar mace hukunci a kan rayuwarta. Ta zaɓi ta tafi gidan iyayenta, kuma tana can har lokacin da nake wannan rubutu. Ba zan ce mutumin ya canza hali ba. Abin da zan iya shaidawa shi ne dukan ya tsaya a daren, kuma yanzu ya san cewa maza uku a layinsa za su fito idan sun ji.

Da wannan na zo kan abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. Babbansu shi ne zaɓen ɗalibai. Mai unguwa ya ba da sunayen mutanen da ya yarda da halinsu, wanda hakan ya dace da tsarin asali, amma sakamakon shi ne aji ya cika da magidanta masu shekara 40 zuwa sama waɗanda dama ba su ne matsalar ba, ko aƙalla haka ake kyautata musu zato. Samarin majalisa da 'yan acaɓa da masu shagunan da 'yan talla ke shiga, da angwayen da ba su yi shekara biyu da aure ba, babu ko ɗaya a cikinmu. An ce mu ne za mu kai musu saƙon, amma ba a ware ko zama ɗaya an koya mana yadda mai furfura zai zauna da ɗan shekara 19 ya yi masa wannan magana har ya saurara ba. Na gwada a majalisar ƙofar gidana, suka saurare ni cikin ladabi, suna jiran in tashi su koma kallon wayoyinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma makarantar da ta bar samari a waje ta bar rabin aikinta.

Sai maganar kuɗin mota. Ana ba kowa ɗan abin da zai hau abin hawa a ƙarshen kowane zama, alhali kusan dukanmu da ƙafa muke zuwa. A mako na takwas kuɗin ya makara, kuma a mako na tara mutum biyar ba su dawo ba. Ban zarge su da yawa ba, don rayuwa ta yi tsada kuma yammacin Asabar lokacin nema ne, amma da an bar kuɗin tun farko, da an san su wa suka zo don Allah tun daga ranar farko, kuma da an yi amfani da shi wajen buga takardun karatu da Hausa. Takardun da aka raba mana da Turanci suke, cike da gajerun sunayen hukumomi, kuma kusan rabin ajin ba sa karanta Turanci, wasu ma ajami suka fi ganewa. Na ga dattijo ya ninke tasa ya sa a hula, kuma na tabbata daga nan ba ta ƙara buɗuwa ba. Darasin awa 72 da na ambata ya cancanci a rubuta shi da Hausar boko da ajami a ƙaramin kati da zai shiga aljihu, a kuma manna shi a shagon kowane mai kemis.

Akwai kuma abin da aka riƙa zagayewa. An yi maganar yara maza a alƙaluma, amma ba a ba ta zama na kanta ba, alhali muna da tsangayu a unguwa inda ɗaruruwan almajirai ke kwana nesa da iyayensu, ba su da wanda za su kai wa kuka. An taɓo auren dole a gurguje aka wuce. Cin zarafin 'yan aiki a gidajen masu hali, da na ɗalibai mata a hannun malamansu, a garin da ke cike da manyan makarantu, an ambace su ne a jimla ɗaya. Na fahimci cewa masu shiryawa na tsoron kada su taɓo abin da zai sa a rufe musu ƙofa, kuma wannan tsoro yana da tushe, amma bayan mako shida ajin ya riga ya nuna cewa zai iya ɗaukar magana mai nauyi. Haka kuma na so a ce an shirya ko da zama ɗaya inda matan unguwa, ta bakin dattijansu da ungozomomi da malaman Islamiyya mata, za su faɗa mana irin taimakon da suke bukata daga gare mu. Mun shafe mako 12 muna magana a kan mata, kuma mata biyu kawai muka saurara, su ma a matsayin ƙwararru suka zo.

Ƙarshen karatun shi ma ya zo a yanke. An ba mu takardar shaida, an yi addu'a, aka sallame mu, ba tare da an ce ga ranar da za a dawo a ga abin da muka yi ba, ba kuma a haɗa mu da wani jami'in jin daɗin jama'a ko lauya da za mu kira idan magana ta fi ƙarfinmu ba. Wannan giɓi yana da haɗari, domin namijin da aka zuga ya tsaya wa gaskiya, aka kuma bar shi shi kaɗai a gaban mai kuɗi ko mai mulki, zai ji jiki sau ɗaya ya koma shirunsa. Makarantun Damagaram an gina su ne a kan ci gaba da haɗuwa ba tare da ranar rufewa ba, kuma wannan ɓangaren ne tamu ta manta ta aro.

Duk da waɗannan kurakurai, idan aka buɗe irin wannan aji a unguwarku aka gayyace ka, shawarata ita ce ka je, ka kuma riƙo hannun ƙanenka ko babban ɗanka ko yaron shagonka ka tafi da shi ko da ba a rubuta sunansa ba. Ka tambayi masu shiryawa tun a ranar farko ko za a kawo ma'aikacin lafiya da malamin addini da lauya, ko za a yi kwaikwayon zama da dangin mai laifi, ko takardun da Hausa suke, da kuma abin da zai biyo bayan makon ƙarshe. Mu tara daga cikin waɗanda suka kammala mun ci gaba da haɗuwa a zauren mai unguwa a Asabar ta farkon kowane wata, ba kuɗin mota, ba takarda. Malamin makaranta ɗaya a cikinmu ya fassara darasin ma'aikaciyar jinya zuwa Hausa, na'ibin limami ya rubuta shi da ajami, mun haɗa kuɗi an buga mana guda 200, kuma direban adaidaita ya yi alkawarin cewa duk daren da aka kira shi domin kai wata ko wani Ƙofar Gayan a kan wannan lalura, ba zai karɓi kuɗi ba. A zamanmu na gaba mun gayyaci alarammomi biyu na tsangayun unguwa, ɗaya ya amsa cewa zai zo.